Cibiyar da ta wuce suna

Har yau ina tuna wata Laraba, a wata na biyu da fara koyon aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Katsina. An kawo jinin wani jariri daga Batagarawa. Sau uku ana kwantar da shi saboda gyambo, a ba shi magani, a sallame shi, ya dawo. Ranar ma sallama ake shirin yi.

Aikina shi ne in ƙirga fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta. Na same su da yawa fiye da kima. Na zaci kuskurena ne, na sake ƙirgawa har sau uku.

Da na je wurin jaririn ɗibar wani jinin, sai na tarar da kakarsa, Goggo Hajara, tana mita. Ta ce jikan nan nata tun farko ɗan taurin kai ne: aka yi suna cibiyarsa ba ta faɗi ba, har uwarsa ta kusa gama wankan jego. Na dubi gyambon, babu mugunya ko kaɗan.

Na taɓa karanta wannan. Farar ƙwaya tana da wasu 'yan ƙugiyoyi a jikinta, kamar ƙarangiya. Da su take maƙale wa bangon jijiya, ta ratsa ta isa wurin ciwo. In an haifi yaro babu su, sai ƙwayoyin su cika jini suna ta wucewa. Ciwo ba ya samun mai yaƙarsa, cibiya ma takan daɗe ba ta faɗi ba.

Kunya ta hana ni magana. Na rubuta zatona da fensir a ƙasan takardar sakamakon, ƙanana-ƙanana. Shugabanmu, Malam Sada, ya ɗaga tabarau ya karanta.

"Rabi, wannan rubutu ne ko sawun tururuwa? Tashi ki faɗa wa likita da bakinki."

Na je na faɗa. Likitar ta saurare ni, ta fasa sallamar, ta tura yaron babban asibiti, inda gwaji ya tabbatar da zaton.

Da za su tafi Goggo ta kama hannuna. "Wata uku ina faɗar zancen cibiyar nan, 'yar nan, ana ce mini tsufa ne."

Ku masu koyon aikin nan da ke tafe, ku ƙirga da kyau, amma ku saurari kaka. Ni dai tun ranar da biro nake rubutu.