Ranar da Iya Ta Riƙe Dorina

A kasuwar Chow Kit, a nan ƙasar waje da nake karatu, akwai wani tsoho mai sayar da tsumagiya, irin wadda iyayen nan suke saya saboda yara. Ranar Asabar matata ta aike ni cefane, sai ya kaɗa guda a iska don jan ciniki, fyau. Na tsaya cak, ni da tumbina da ya tare rabin kasuwar, har masu kifi suka fara roƙona hanya. Ƙarar nan gida ta mayar da ni.

Da damina ne, ina yaro, ƙasa tana ƙamshi, gero ya kai ƙirji. Yayana ya dawo hutu daga makarantar horon malamai da wani littafin Turanci, labarin bayi baƙaƙe a gonakin audugar Amurka da yaƙin basasar da aka yi kafin a sake su. Kullum bayan la'asar yakan karanta a gindin dalbejiyar tsakar gida yana fassarawa. Kakanmu, mai gidan, ya fi kowa so. In aka zo inda ake tsula wa bawa bulala, sai ya tofar da goro ya tsine wa Turawa tsinuwar da za ta ishi nahiya uku a raba. Ran nan har hawaye ya yi.

A gefe kuwa Iya tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce, ɗakinta yana jikin garken awaki. Ita ta goya babanmu, ita ta goya mu. Ba ta taɓa hawa tabarma ba, ba ta sa takalmi a gaban Kaka, mu kuma mun ɗauka halin tsufa ne.

Yaya ya rufe littafin ya ce, "Kaka, ita Iya 'yar wa ce a gidan nan?"

Ko awaki sai da suka daina tuƙa. Kaka ya shiga ɗaki ya fito da dorina, tsohuwa, baƙa wuluk. Mutumin da sai an kama shi yake tashi sallah, ranar sai ga shi kamar ɗan dambe. Ta farko ta fasa wa Yaya leɓe. Ta biyu ta keta farar rigarsa, jini ya biyo ta. Ya faɗi yana kare idonsa, Kaka yana neman idon. Babanmu da ƙannensa suna tsaye, ba mai iya riƙe hannun mahaifinsa. Ni kuwa na shige bayan turmi, kuma na tabbata ranar na fi taɓarya siranta.

Sai Iya ta miƙe. Dorinar tana saukowa ta tare ta da tafin hannu, fatar ta dare, ta naɗe ta a hannun ta riƙe gam.

"Malam, a bayana ka koyi bugu da ita muna yara, ranar da babanka ya sayo ni. Ta isa haka."

Kaka ya ja, ta ƙi saki. Shi ya saki, ya shige ɗaki. Iya ta zo ta zauna a kan tabarmarsa, jini yana ɗiga a zaninta, ta ce wa Yaya ya ci gaba, tana son ta ji ƙarshen. Ya karanta da fasasshen baki har inda aka 'yanta su. Ta tambaye shi ina suka tafi bayan nan. Ya ce da yawansu a gonakin suka zauna, don ba su san ko'ina ba.

"To, ka ji," in ji ta. Ta koma kan gyaɗarta.

Yanzu mukan taru a shagon mamak, wato masu shayin ƙasar nan, kusa da jami'a, mu ɗaliban da furfura ta riske mu muna digiri na uku, mu yi ta gardama a kan irin waɗannan littattafai har shayi ya huce. Muryata ake ji tun daga tashar bas. Amma kwanan baya 'yata, wadda a nan ta tashi, ta dawo da irin littafin daga makaranta, ta tambaye ni da Turanci ko kakanninmu suna cikin waɗanda aka ɗaure. Na ce a'a, ta zauna in gaya mata ɓangaren da muke. Na fara da Hausa, ta ce in yi a hankali, Hausarta ba ta kai nan ba.

Na yi a hankali.