Ƙarar Moɗa a Gindin Randa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, malamar firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Makoɗa, kuma har yau rijiyar burtsatsen da ta so mana ba ta zo ba. Ina rubuta wannan ƙafafuna a kumbure, don da safe sau uku na je tsohuwar rijiya.

Wata bazara aka ɗauke ta aikin bin gida-gida da fom, ana auna ƙarancin ruwa don a san ƙauyen da za a fara haƙa wa burtsatse. Ni nake raka ta. Tambayar ba wuya: a watan nan, kun taɓa rasa ruwan sha? To amma wa zai ce wa baƙo babu? Kowace uwar gida sai ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa mai sanyi, ta ce, "Alhamdulillahi, muna samu."

Yaya ba bakinsu take saurare ba. Kunnenta yana wajen randa. In ta ji moɗa ta karci gindi, ƙurrr, sai ta zungure ni. "Kin ji? Na ƙarshen suka ba mu." Ta lallashe su, ta yi musu tsiya, har ta ce wa Inna Laraba, maƙwabciyarmu, "Haba Inna, randarki tana ƙaryata ki!" Inna ta ce ita ba za ta tona asirin gidan mijinta a takarda ba. Fom ba shi da gurbin ƙarar moɗa, Yaya kuwa ba ta rubuta abin da ba a faɗa mata ba. Aka ce ƙauyenmu na da wadata, burtsatse ya tafi gaba. Abin ya ci ta har ta koma ga Allah.

Da tana nan yau, da ta ga jarkoki sun yi layi inda tuluna suke yi, ban da wannan ba abin da ya sauya. Na gaji, wallahi.

Makon jiya aka sake turo masu aunawa, yanzu a waya suke rubutawa. Wata budurwa ta yi sallama, na shimfiɗa mata tabarma, na nufi randa. Moɗa ta karci gindi. Ta sha, ta yi min tambayar nan dai. Bakina ya riga ni: "Alhamdulillahi..."

Sai na tsaya. Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba, kunnen nan kawai ta bar min, kuma ya hana ni sakat. Kunya ta rufe ni kamar an kama ni da sata, amma na ce, "'Yar nan, wanda kika sha shi ne na ƙarshe. Rubuta babu."

Allah ya jiƙan Yaya Hajara, ya shayar da ita ruwan Alkausara.