Taku Biyar Tsakanina da Iyatu

Datti mai hoto maƙwabcina ne a Kura, katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakinmu kowa ya koma noman tumatir da alkama, shi kuwa ya rataya kyamara a wuya. Nakan ce masa, "Datti, kai kaɗai ne ka ga ruwa ka gudu."

Ba ya son hoton da mutum zai sa babbar riga ya ƙame kamar an kai shi gaban alƙali. Ya fi son ya kama ka kana ban-ruwa, laka har gwiwa. Gilashi biyu gare shi da yake ɗaura wa kyamarar. Dogon yana jawo na nesa, amma kafin ya gama murɗa shi mutum ya wuce. Gajeren nan take yake ɗauka, sai dai dole ka matso.

Ya ɗauki rabin garin nan, ban da mahaifiyarsa Iyatu. Shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya matso da gajere sai ta juya. Ya taɓa hawa katangata da dogo, hoto uku, duk ƙeya da ɗankwali. Na yi wata guda ina kiransa mai hoton ƙeya.

A 1986 tari ya kama ta, ta fara ramewa. Wata rana ya ce mini, "Lukmanu, ban san yadda idonta yake ba in tana dubana."

Na ce, "Ai tana dubanka. In ka hau keke ka ba ta baya, ba ta shiga gida sai ka sha kwana."

Ya ɗauko kyamarar. Sannan ya cire dogon, ya ɗaura gajeren, ya saita shi, ya miƙo mini, ya ce, "Taku biyar tsakaninku. Kada ka murɗa komai, nan kawai za ka danna."

"Ni da ko tasha ban iya kamowa a rediyo ba?"

Da safe na je aron fartanya, kyamara cikin riga. Datti ya hau keke, Iyatu ta tsaya bakin zaure. Na ƙirga taku biyar, na danna. Ta ce, "Kai Lukmanu, mene ne ya yi ƙara?" Na ce, "Gwiwata ce, Inna, tsufa."

Sai fim ya cika ake kai shi Kano a wanke. Kafin ya cika aka kai Iyatu makwancinta.

Hoton ya fito a karkace, rabinsa bango, aikina ne. Amma ga ta, hannu a ƙirji, ido a kan hanya. Datti ya duba sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya kife shi a kan tabarma. Ya ce, "Ba ta so na gani ba."

Ranar ban tsokane shi ba.