Idon Safe da Idon Yamma

A ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota akwai wani lungu wanda ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafin matsi. To, nan Baba Mai Zif ya shekara talatin da ɗoriya. Benci ɗaya, keken ɗinki na hannu, filaya biyu, guntun kyandir, sai gwangwanayen madara cike da kawunan zif, manya daban, ƙanana daban. Duk matafiyin da jakarsa ta wangale baki tana neman tona masa asiri a tsakiyar tasha, wajensa ake nuna masa.

Baba yana da doka ɗaya: ba ya canja zif sai ya tabbatar ya mutu murus. Sauran masu gyara da sun karɓi jaka sai reza, su farke tsohon su ɗinka sabo. Shi kuwa sai ya kara jakar a kunne, ya ja zif ɗin a hankali yana saurare. Wai mai lafiya da muryarsa, mai ciwo ma da tasa. Yawanci, in ji shi, haƙoran garau suke, kan ne ya saki baki saboda tsufa. Sai ya ɗan matse shi da filaya, ya goga kyandir a haƙoran, ya ja sama ya ja ƙasa, ya miƙa wa mai kaya. Wani har haushi yake ji, don bai ma gama gyara zama ba an sallame shi.

Abin da ya sa wasu ke cewa akwai ɗan motsi a kansa kuwa, gashin tsuntsu ne. Tun yana saurayi wata tattabara ta yar masa da gashi a cinya. Ya ɗauka yana wasa da shi, ya tsaga gefen, ya shafa da yatsu biyu, sai ya ga tsagar ta haɗe kamar ba a taɓa raba ta ba. Ya sake tsagawa, ta sake haɗewa. Da ya aro gilashin mai gyaran agogo ya leƙa, sai ga kowane sili da ƙananan ƙugiyoyi jere, kowanne ya kama na kusa da shi. Ranar ko abincin rana bai tuna da shi ba. Ashe tsuntsun da ke kan waya yana bin jikinsa da baki ba ƙaiƙayi ke damunsa ba, zif ɗinsa yake rufewa, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya koya masa. Tun daga nan Baba yake kiran tattabarun tasha abokan sana'a.

In ciniki ya lafa sai ya jingina kai da bango ya lula. Yakan ga kamar sararin sama ma da zif, wani ne ke ja da asuba haske ya zubo. Yakan sa wa tsagaggen titi zif, ya sa wa gajimare, ya sa wa bakin maƙwabcinsa mai yankan makulli, wanda surutunsa ya fi injinsa ƙara. Wannan na ƙarshen ya sha faɗa masa a gabansa, shi kuma ya ce ai ko an sa, Baban ne zai zo yana roƙo a buɗe saboda kewa.

Ba rana ɗaya idon ya tafi ba. Da farko lambobin motoci suka fara narkewa. Sannan fuskoki suka koma kamar ana kallonsu ta gilashin da ya yi raɓa. Daga baya komai ya yi rawaya-rawaya, tsakar rana ta zama kamar la'asar sakaliya. Baba bai gaya wa kowa ba. Ya koyi zura zare da lalube, yana neman kafar allura da farcen babban yatsa, in an tambaye shi ya ce sabon salo ne. Ya san in labari ya kai gida, zamansa a lungun nan ya ƙare, shi kuma bai san me mutum yake yi da hannuwansa a tsakar gida ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kama shi. Ta kawo farar rigar aikinta, zif ɗin ya zubar da haƙora har uku, babu batun gyara. Baba ya zaɓo fari tas, a ganinsa, ya ɗinka da kyau. Da ta zo karɓa sai ta ɗaga rigar ta ga zif rawaya ɗorawa tun daga wuya har ƙugu. Ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuya ta buɗe masa fatar ido da yatsa, ta ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, kuma ana cirewa. Mai makulli yana gefe ya kashe injinsa don ya ji da kyau, kafin rana ta faɗi labari ya riga Baba isa gida.

Ya tarar da 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, zaune kusa da mahaifiyarta ta haɗe rai. Ta ce abu biyu ne, ya zaɓa: ko asibiti, ko ta sa a kwaso benci da keke a ajiye a bayan ɗaki. Ba za ta jira sai mota ta kwashe shi a bakin tasha ba. Ya ce shi ido ba jaka ba ne da za a sa masa reza. Matarsa, ba tare da ta ɗago daga wankin da take ninkewa ba, ta ce shekara arba'in yana cika mata baki shi ba matsoraci ba ne, yau dai za ta gani.

Likitar da suka gani a asibiti yarinya ce, Baba ya ce ko Uwata ta girme ta. Ta haska masa fitila, ta yi bayani cewa a cikin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta, nasa ya dushe, za a cire a sa na roba.

"'Yata, ba a ɗan matse shi? Ko a goge?" in ji Baba. "Ni fa ban saba canja abu yana da sauran rai ba."

"Baba, wannan ko kai aka kawo wa, canjawa za ka yi."

Ya fara laluben hularsa zai tashi. Sai ta ja aljihun tebur ta ɗauko samfurin gilashin robar da take nuna wa masu gardama irinsa, ta ɗora masa a kan yatsa. Bai gan shi sosai ba, amma yatsan ya gani. Ɗan fallen abu ne, bai kai farcen jariri ba, santsi, ga wasu siraran hannuwa biyu lanƙwashe a gefe. Ta ce naɗe shi ake yi kamar tabarma, a zura ta 'yar kafa, in ya shiga sai ya warware da kansa, hannuwan nan su dafe bango su riƙe shi a tsakiya. Ba ɗinki, ba gam.

Baba ya manta da hula. Ya tambaya wa ya yi tunanin hannuwan, me ya sa biyu ba uku ba, kuma mutumin yana da rai? A mota yana ta lanƙwasa yatsu yana warwarewa a hankali, har Uwata ta zaci addu'a yake yi. Da suka sauka ya ce mata a yi, shi dai yana so abin nan ya zauna a jikinsa.

Idon dama aka fara. Washegari da aka ɗaye bandeji sai da ya damƙe hannun kujera. Bai san sama tana da shuɗi haka ba, ko kuma ya sani ya manta. Ya kalli matarsa ya daɗe, sannan ya tambaye ta yaushe ta yi wannan furfurar ba ta sanar da shi ba. Ta ce ya bari a kawo madubi tukuna, sai su yi maganar furfura.

Bayan mako uku ya koma lungunsa. Ya ga yanar gizo a saman keke, ya ga mai makulli ya yi sanƙo. Ya zura zare karo ɗaya, ya zare, ya sake zurawa don jin daɗi kawai. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne, in ya rufe hagu, tasha sai ta fito tar kamar an wanke ta da sassafe. In ya rufe dama, sai ta koma rawaya, mai laushi, mutane na yawo kamar a mafarki. Ya wuni yana ƙyafta wannan yana ƙyafta wancan, har wata mai jaka ta ce tsohon nan ya kiyaye ta, ita matar aure ce.

Da lokacin ido na biyu ya yi sai ya fara noƙewa. Ya ce wa Uwata mutum nawa ne a duniya ke da safe da yamma a fuska ɗaya? Ta ce ta ji, amma matakala ba ta san wannan ba, jiya ma ya yi tuntuɓe da ita, kuma an riga an sa rana.

Ranar da ta zo ɗaukarsa ta same shi a kan benci, ya dafe idon dama da tafin hannu, yana kallon tasha da tsohon. Ta tsaya tana jiransa. Motoci biyu suka cika suka tashi, yana bin su da kallo har suka narke. Sannan ya sauke hannun, ya rufe keke da zane, ya ce wa mai makulli ya kula masa da wurin, kuma kada ya kuskura ya karɓi aikin kowa kafin ya dawo.