Kada Ka Bari Ta Ɗora Tukunya

Shekarun baya can, ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, ina akawu a wata ma'aikata a Kaduna, muna da 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Ba rubutu muke bi ba. A ba ka labarin, a ce kai ne wane, sauran kuma kai da bakinka. Ni kullum ɗan aike nake fitowa, wai fuskata ta dace da kawo mugun labari. Har na bar wasa ban taɓa fitowa a ango ba.

Abokina da ke tsara mana wasannin yana da wani ciwo a rai wanda duk mun san shi. Yayansa tela ne a Babbar Kasuwa. Ya je Zariya saro yadi, a hanyar dawowa motarsu ta yi karo da wata babbar mota a Rigachikun, nan take ya cika. Dattawan gidansu suka tura abokina unguwar Kurmin Mashi ya ɗauko matar marigayin, suka ja masa kunne: tana da tsohon ciki, kada ya kuskura ya faɗa mata, ya ce dai yana asibiti kuma da sauƙi. Haka aka saba yi, shi ma haka ya yi.

Abin da dattawan suka manta shi ne, mace ba ta zuwa dubiyar mijinta hannu rabbana. Ta ce ya ɗan jira ta. Ta hura wuta za ta dama kunun gyaɗa. Yana zaune a zaure yana jin tana daka, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Kafin su isa gidan iyayen, ita da langar kunu a hannu, an riga an fita da gawar. Ba ta ga fuskarsa ba, ba ta samu ta ce ta yafe masa ba. Tun daga ranar ko gaisuwar abokina ba ta amsawa. Ta haihu, aka yi suna, yaro har ya fara tafiya, amma in ya je gidan sai dai a miƙo masa ɗan ta bakin zaure.

Rannan ya zo ya ce wannan labarin za mu yi. Na ce, "Kai, anya kuwa? Wannan ai fama mata ciwo ne." Ya ce, "Na kasa yi mata bayani. So nake ta ga yadda na zauna a zauren nan. Ko zagina za ta yi, in dai za ta buɗe baki ta yi min magana." Ya aika mata ta bakin maƙwabciyarta, bai ɓoye abin da wasan ya ƙunsa ba. Ni dai ban sa a ka za ta zo ba.

Ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin taron wata makaranta, na leƙa ta labule sai ga ta a ɓangaren mata, yaron a cinyarta. Ga shi kuma ni ne zan fito a matsayin abokina.

Na shiga na yi sallama. Wadda ta fito a matar, wata ma'aikaciyar jinya ce, ta ce, "Yaya jikin nasa?" Na ce, "Da sauƙi." Ta ce, "To jira ni in dama masa kunu," ta juya ta ɗauki tukunya. 'Yan kallonmu ba su iya shiru ba, kullum sai sun sa baki a wasa, amma ranar ɗakin ya yi tsit. Sai muka ji murya daga ɓangaren mata, ba ma da ƙarfi ba.

"Faɗa mata. Kada ka bari ta ɗora tukunyar nan."

Matar marigayin ce. Sai abokina ya fito daga bayan labule da kayan jikinsa na gida, ya wuce ni, ya durƙusa a bakin dandamali yana fuskantar ta. Ya ce, "Yaya ya rasu. Tun da hantsi Allah Ya yi masa cikawa a Rigachikun. Bar kunun, taso haka nan, ke ake jira."

Ta rufe fuska da mayafi. Ɗakin ya ɗauki salati. Wasan da ba mu ƙarasa ba ke nan, ko da yake a bakin ƙofa wani ya riƙe hannuna yana yaba mana sabon salo.

Muna kwashe benci matar ta zo ta tsaya a bayan abokina. Ta ce, "Na ɗauka ni kaɗai aka yi wa mutuwa. Kai ma ɗan'uwanka ka rasa, ban taɓa yi maka gaisuwa ba. Ya haƙuri?" Abokina ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ƙwace masa.

Har yau ban ga laifin dattawan nan ba, tausayi ne ya sa su. Amma da girma ya zo aka fara aike na da irin wannan labari da gaske, sai na ga nauyin na wasa bai kama ƙafarsa ba. Ina zama, in gaisa, in bari a nutsu, sannan in faɗa. Da wuya, wallahi da wuya. Sai dai ban taɓa barin wata ta shiga madafa saboda wanda ya riga ya tafi ba.