Ɗorawar Maƙwabciyata

Shekarar da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, damina ta ƙi, rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Sai wani Alhaji daga birni ya nemi gonarmu ta bakin hanya, wai zai yi lambun shaƙatawa, baƙi su riƙa zuwa shan iskar ƙauye. Na sayar, muka ci tuwo.

A tsakiyar gonar akwai ɗorawa. Gonar tamu ce, amma ɗorawar ta maƙwabciyata ce, gadon uwarta. Da kalwarta take daddawa tana ciyar da marayunta. Kowa a garin nan ya san haka, shi ya sa ban ambata ba ranar ciniki. Ashe mutumin birni in ya sayi ƙasa, har abin da ke kanta ya saya.

Ya ja katanga, ya sa maigadi don tsaron baƙinsa. Da ɗorawa ta nuna, maƙwabciyata ta ɗauki ƙugiyarta ta tafi, maigadi ya kore ta kamar ɓarauniya.

Na je gidanta ina kuka. Ta ce, “Haba Yaya, yunwa ce ta sayar, ba ke ba. Matsa can, kada hawayenki su sa min gishiri a daddawa.”

Yanzu kalwar kasuwa take saye, kuma ba ta fasa aiko min da daddawa ba. Ina sawa a miya, amma wallahi da ƙyar tuwon ke wuce min maƙogwaro.