Yaren da Na Ƙera wa 'Yan Dakon Adjamé

Aji huɗu na yi a boko aka cire ni, allon ma ban kai ko'ina ba. Amma na taɓa ƙera yare sukutum, da furucinsa da rubutunsa, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu.

A tashar motar Adjamé nake aiki lokacin, can inda muka je ci-rani, kafin ƙasar ta rikice. Aikina rubutu a jikin kaya: buhu ya zo, in rubuta garin da za shi, 'yan dako su cilla saman mota. To 'yan dakon ba su iya karatu ba, kuma kowa da yarensa. Ga Mosawa, ga Julawa, ga Zabarmawa, ga mu. Ga kuma ƙarar injin. Ka kwarara ihu, na saman mota bakinka kawai yake gani yana motsi. Kayan Yamai su wuce Bamako, ni ake zagi.

Shugaban 'yan dakon wani ƙaton Bazabarme ne, kwano ɗaya muke ci. Da shi na yi gwajin. Sai in roƙi direba ya tayar da mota ya taka mai, ni ina ƙasa, shi yana saman kaya can nesa, ina jefa masa sauti ɗaya bayan ɗaya. Sautin da ya ji, ya ɗaga hannu. Sa, sha, fa, ha, duk injin ya haɗiye, na zubar da su. Ƙa da ɗa sun tsallake ƙarar, amma Mosawa in za su faɗa sai ka ce ƙayar kifi ta maƙale musu. Da ciwon zuciya na zubar, don namu ne. Na rage da baƙaƙe takwas da wasula uku, a, o, i. Kowace kalma gaɓa biyu, ta ƙare baki a buɗe, yadda za a ja ta har ƙarshen tasha.

Rubutun ya fi ba ni wuya. Saƙar buhu ba ta son lanƙwasa, kana zagayawa tawada ta bi zare ta watse. Sai na yi komai da sanduna, tsaye da kwance da gicciye, na gyara har buhu a kife ma ya karantu, don ɗan dako ba ya juya kaya ya duba. Wata da watanni ina zaune a tsakar gidan hayarmu na unguwar Arras, a Treichville, da littafin 'yan makaranta, ina zanawa ina gogewa.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ko layu ka fara rubutawa ne?"

Na ce, "Ke dai jira, wata rana za ki ji shi da kunnenki."

Abin ya yi aiki. Akwai kalmar nauyi, ta abin fashewa, ta ɗaga, ta sauke, ta kowane gari. Kaya suka daina ɓata. Daga motocinmu ya yaɗu zuwa na maƙwabta, har 'yan kamasho suka ɗauka. Na fara jin kalmomin da ba ni na sa ba, duk gaɓa biyu, duk a kan tsarina, ina ta washe baki kamar wawa. Sai da na tambayi ma'anarsu. Ni ban ƙera kalma ko ɗaya ta jikin mace ba. Su sun ƙera wa kowane wuri tasa. Har da ta fasinjan da jakarsa ba kwaɗo.

Na samu Bazabarmen na ce, "Mutumina, ka tsawata wa mutanenka. Na kaya ne, ba na iskanci ba."

Ya kwashe da dariya. "Kai Bahaushe! Bakina ne ko naka? Ko ka je Mairie, ofishin magajin gari, sun buga maka hatimi a kai?"

Ana haka surukata ta kwanta ciwo a Katsina, maiɗakina za ta tafi. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Bazabarmen nan shekara nawa yana cin tuwonta, bai san fuskarta ba. Ta sauko daga taksi da mayafinta da jakarta, ni ina bayan tulin buhuna. Sai na ji muryar Bazabarmen daga saman mota. Kalma uku, ya ja ta ƙarshen yadda na koya masa. Motoci biyar na ruri, amma ba wanda bai ji ba. Dariya ta tashi daga wannan ƙofa har waccan.

Ta iso wurina tana murmushi. "Malam, shi ne yaren naka? Wallahi da daɗin ji. Me suka ce?"

Ƙarya ba ta zo mini ba. Na faɗa mata da Hausa, ɗaya bayan ɗaya.

Ta dube ni, ta dubi tawadar da ke yatsuna. "Ashe abin da ka zauna kana zanawa ke nan."

Na miƙa hannu in rubuta mata a jaka, ta janye. Da kanta ta shiga da ita mota, ta ɗora a cinya, haka za ta riƙe har Katsina.

Shi kuma ya diro yana rantse-rantse. "Wallahi ɗan'uwa ban san taka ce ba."

Na ce, "Da ta wani ce fa?"

Ya sosa ƙeya, wai ai wasa ne kawai.

Watan bai ƙare ba na bar tashar, na koma shagon wani mai walda a Arras ina riƙe masa ƙarfe. Littafin na ba mai suyar ayaba a bakin layinmu, ta yayyage tana ƙunshe wa mutane. Maiɗakina ta dawo bayan wata biyu, ba ta sake ta da maganar ba, ni ma haka.

Bayan shekaru na bi ta Adjamé. Yanzu takarda suke mannawa a kaya, sandunana sun ɓace, ba mai tuna kalmar nauyi ko ta sauke. Na ƙazantar suna nan daram a bakin mutanen da ba su taɓa ganina ba, kuma har yau injin bai iya haɗiye su ba. Aikin na yi shi da kyau.